Garin Dalma a Aljihun Hagu

Shekara goma sha bakwai Mai Saiti ya yi yana harbin tattabaru a babban siton hatsi, ba wanda ya taɓa tambayar lafiyar idonsa. Wata biyu kacal ya yi yana kuskure, sai kowa ya zama likitan ido, har da mai shara.

Ba da bindiga ya fara ba. Dako ya yi shekara tara a siton, har ranar da buhun masara ya zamo daga saman jeri ya danne masa ƙugu. Da ya tashi daga jinya bai ƙara iya sunkuyawa da kaya ba. Tsohon manaja, mutum mai kunya, ya miƙa masa bindigar iska, ya nuna masa tattabarun da suka cika ƙarafan rufi suna zuba kashi a kan buhuna. Da wannan bindiga ya ciyar da 'ya'ya biyar, ya yi jinyar matarsa har Allah ya karɓe ta, ya kuma riƙe ƙanwarsa mai ɗinki da ta dawo gidansa bayan rasuwar mijinta.

Bindigar ba ta da hayaniya. Da famfo ake ɗura mata iska, sannan a saka mata magazin, wani ɗan faifai kamar murfin kwalba mai ramuka goma, kowane rami da ƙwayar dalma ɗaya. In ka ja hannun bindigar, faifan ya juya, ƙwaya ta zo daidai bakin bututu. Kuskure kuma a nan ba wasa ba ne. Wanda ya kuskure tsuntsu kwanon rufi ya huda, ruwan sama kuwa bai san darajar buhu ba.

Sai aka kawo sabon manaja, irin mutanen nan da ke duba agogo kafin su amsa gaisuwa. Ya tsaya rana ɗaya yana kallon Mai Saiti na cika magazin ƙwaya-ƙwaya, ya ce wannan ɓata lokaci ne. Washegari ya zo da wani magazin daga kasuwa, baƙi, mai ramuka goma, kamar an tsaga kara da na asali.

"Ga shi, Baba. Ashirin a jere, ba tsayawa."

Tun daga nan hannun Mai Saiti ya fara yi masa ƙarya. Ya kayar da shida a jere, ya juya ya harba shida a iska. Rami huɗu ya buɗe a kwano cikin mako ɗaya. Ya gyara saitin, ya goge bututun har tsumma ya fito fari, ya sauya kwalin ƙwayoyi. Abin sai ya tafi da safe ya dawo kafin azahar.

'Yan dako, waɗanda rabinsu shi ya koya wa ɗaura igiya, suka samu abin yi.

"Baba, na hagun za ka nufa, ko Allah zai sa ka samu na dama."

"Ku bar shi, taga yake buɗe mana, zafi ya yi yawa."

Manaja bai yi dariya ba. Ya kira Mai Saiti ofis, bai ko ce ya zauna ba. Masu duba tsafta za su zo ƙarshen wata, in ji shi, kuma ya riga ya yi magana da masu kafa raga. In raga ta hau rufi, babu sauran aikin bindiga.

"Girma ne, Baba, ba laifin kowa ba ne. Ka je a duba maka ido."

Abin takaicin shi ne, shi ma Mai Saiti ya yarda. Ya je asibiti aka ba shi tabarau na karatu, ya sa ya yi harbi da shi, abin ya ƙara lalacewa. A gida zama ya gagare shi. Ya fita ƙofar gida ya rufe ido ɗaya yana ƙirga wayoyin lantarki, ya dawo, ya ɗauki kofin shayi ya ajiye bai sha ba, ya miƙe hannu yana duba ko yana rawa.

"Yaya, ka zauna ko ka fita," in ji ƙanwarsa daga bayan keken ɗinki. "Kana tare min haske."

"Ke ba ki san abin da ake ciki ba."

"Na sani mana. Tattabaru sun fi ka wayo. Cire rigar nan, aljihun ya yage tun shekaranjiya, kana yawo kamar marar dangi."

Rigar aikinsa ce, mai aljihu biyu a ƙirji. Ta juya ta ciki waje za ta ɗinke, sai ta tsaya. Ta goga yatsa a ƙasan aljihun hagu, yatsan ya fito da wani gari mai ƙyalli, da 'yan siraran ɓarɓashi kamar yankan farce. Ta duba na dama. Zare kawai da ƙura.

"Me kake sawa a nan?"

"Magazin."

"A nan fa?"

"Shi ma magazin." Ya tsura wa aljihun ido. Bai taɓa tunanin abin ba, amma hannunsa ya sani: nasa na asali a dama yake zama shekara goma sha bakwai, baƙon da ya zo sai ya samu hagu.

"Ni ban san bindiga ba," ta ce, "amma in allura ta kauce ko da gashi ɗaya ne, gefen ƙarfe take ci, zare ya yi ta tsinkewa. Ba na zuwa asibiti a kan haka. Wani abu yana aske maka dalmar nan."

Bai tsaya ta gama ɗinkin ba. Da singileti ya isa sito, a ranar da ba ta aikinsa ba. Ya jingina kwalaye biyu a bangon baya, ya zana wa kowanne da'ira da gawayi, ya ja baya taku talatin ya fara harbi. Goma na magazin ɗin dama suka taru wuri ɗaya, tafin yaro zai rufe su. Goma na hagu suka watse kamar an watsa wa kaji tsaba. Ya ɗaga sabon faifan a hasken ƙofa, ya juya shi a hankali. Ramukan ba sa tsayawa daidai bakin bututu, kowace ƙwaya sai an yanke mata gefe kafin ta fita. Ƙwayar da aka yanke kuwa inda ta ga dama take zuwa.

Da safe ya ajiye kwalaye biyun a teburin manaja, 'yan dako na leƙe ta taga. Manaja ya duba wannan, ya duba wancan. Mutum zai zaci kunya za ta kama shi. Ina.

"To ka yi amfani da tsohon mana, Baba. Wa ya hana ka?"

"Kai ka ce ashirin a jere, ranka ya daɗe."

"Ai kai ne gwani. Da ka faɗa min tun farko."

Mai Saiti ya buɗe baki, ya tuna ƙugunsa ba zai sake ɗaukar buhu ba, ya rufe.

Kwana tara suka rage, ya yi su yana hawa jeri yana sauka, yana cika magazin ɗaya ƙwaya-ƙwaya. Ranar da masu duba tsafta suka zo ba su samu abin rubutawa a ɓangaren gabas ba. Amma masu raga sun riga sun auna ɓangaren yamma, manaja kuma ba zai ce ya yi gaggawa ba. Aka kafa raga a rabin sito, aka bar wa Mai Saiti ɗaya rabin, kwana uku a mako maimakon shida.

Ya karɓa. Sauran kwanakin kuma ya fara zagaya injinan niƙa na bayan gari da bindigar a jaka, yana tambayar masu gadi ko tsuntsaye na damun su.