Ranar da Amshi Ya Kuɓuce wa Dalhatu

A Ɗanzomo, in an ce wane ya iya bakinsa, sai a tambaya: ya kai Dalhatu? Dillalin awaki ne, ran Alhamis yana kasuwar Maigatari. An ce ya taɓa yabon wata gurguwar akuya har mai ita ya fasa sayarwa.

Dabararsa ba ɓoyayyiya ba ce. Yakan fara da abin da ba mai musu. "Ruwa ba daga sama yake zuwa ba?" Amininsa Cindo, tsohon da kunnensa ya yi nauyi, sai ya ɗaga murya: "Haka ne!" Jama'a su amsa. Ya sake jefo wata, a amsa. Kafin mutane su ankara ya cusa abin da yake so a tsakiya, baki kuwa ya riga ya saba da "haka ne". Cindo ba ya jin rabin zancen, tashin gemun Dalhatu kawai yake kallo.

Da daminar bara reshen tsohuwar tsamiyar bakin tasha ya ɓallo, ya murƙushe babur ɗin Habibullah, shugaban 'yan acaɓa. Matasa suka ce a sare ta kafin ta kashe wani. Dalhatu kuwa a gindinta yake wuni. Aka taru a ƙofar mai unguwa, ya gyara zaman hula, ya miƙe.

"Jama'a, inuwa ba rahama ba ce?"

"Haka ne!"

"In an sare tsamiya, dattawa za su watse. Dattawa suka watse, babu mai sulhu. Babu sulhu, zumunci ya mutu, gari ya tashi! Kuma wa ke cewa a sare? Yaron da ko zogale bai taɓa dasawa ba!"

Habibullah ya russuna. "Baba, ni fa ba zumunci na ce a sare ba. Zogalen ma zan dasa. Amma da yaro ne a wurin babur ɗin nan fa?"

Dalhatu ya ji ƙasa na zamewa, sai ya ɗaga gemu ya yi tsawa: "Wato ni tsohon banza ne, surutu kawai nake yi?"

"Haka ne!" in ji Cindo, har da buga sanda.

Dariya ta ɓarke, mai unguwa ma sai da ya rufe baki da hannun riga. Cindo yana ta waige-waige, yana tambayar ko an ci nasara.

Dalhatu ya laluba cikinsa, karin magana ko ɗaya ya ƙi fitowa. Sai ya zauna a tabarma, ya yi magana ƙasa-ƙasa, muryar da ko a gida ba a san shi da ita ba.

"Gaskiyarka, ɗana, icen ya tsufa. Ni dai tun da matata Zaituna ta rasu gidan nan ya yi mini faɗi. In na zauna a gindin tsamiya ina jin hayaniyarku, sai yini ya wuce. Ba ni da wata hujja."

Habibullah ya daɗe yana murza makullin babur. "Haba Baba. Da tun farko haka ka ce, ai da ba mu tara mutane ba."

Aka kira masu gatari suka duba. Ɓangaren gabas duk ya ruɓe, na yamma kuwa da sauran ƙarfinsa. Washegari suka sauke ruɓaɓɓun rassan, 'yan acaɓa da kansu suka ja bencin Dalhatu zuwa yamma. Shi kuwa yana tsaye a ƙasa, hannu a ƙugu, yana koya wa masu saran yadda ake riƙe gatari.