Fatsar Baba a Duwatsun Makka

"Malam, ruwan da aka haifa jiya, yaushe har ya yi kifi?"

Inna ce take tsokanar Baba, yana ɗaura gashin zakaranmu a ƙugiya, wai don kifi ya zaci fara ce. A Makka fa, shekarun 1950, ina yarinya.

Baba masunci ne daga Yawuri. A ƙafa ya zo Hajji, ya zauna a garin da ko rafi babu. Amma da an yi ruwan sama, sai ya saɓa gorarsa ta fatsa ya nufi cikin duwatsu, inda ruwa ke gangarowa yini guda ya ƙafe.

Ya ce, "Na san babu kifi, Hajiya. Hannun nan ne ba na so ya manta gida."

Ta ce, "To, zakaran da ka tsige wa wutsiya fa, laifin me ya yi?"

Bai taɓa kamo komai ba. Amma duk ranar da ya je, Inna sai ta sayo busasshen kifi, ta ce wa maƙwabta Malam ne ya kamo. Busasshe fa!

Yau na tsinci ƙugiyar a akwatin Inna, naɗe cikin ɗankwalinta. Allah Ya jiƙansu.

Ku wace sana'a iyayenku suka ƙi mantawa?