Ma'ajiyar Bogi Ta Cinye Waƙoƙin Wata Tsohuwa a Hannuna

Lokacin da abin nan ya faru ina koyarwa a wata firamare a Kalgo, ranakun Asabar da Lahadi kuma ina ɗaukar bidiyo a gidajen biki da suna. Da yake ni mace ce, ana barina in shiga har tsakar gida inda maza masu kamara ba su shiga, don haka aiki bai cika yanke mini ba. Na iya riƙon kamara, na iya tace hoto daidai gwargwado, amma kayan cikin kwamfuta ban san su ba, kuma ban yarda ban sani ba. A shagon wani nake zama in tace aikina, har na gaji da jiran layi na ce zan sayi laftof tawa.

Akwai wani malamin lissafi a makarantarmu, Kirista ne daga kudancin jihar nan, yana taɓa gyaran kwamfuta. Shi na tuntuɓa. Ya ce kada kyan jiki ya ruɗe ni, in nemi mai ƙarfin inji da yalwar ciki, ko da ta hannu ce mai kauri. Ya ce kuma in sayi ma'ajiyar waje, irin wadda ake jona wa kwamfuta, guda biyu, a shagon da zan iya komawa, domin kowane aiki ya zauna wuri biyu. Har a takarda ya rubuta mini. Na yi godiya, na tafi Birnin Kebbi, na dawo da wata siririya mai ruwan azurfa, don na hango kaina ina buɗe ta a gaban uwar amarya. Cikinta ƙarami ne, biki biyu ya cika ta. Ma'ajiya kuwa a waya na ga wani yana tallarta, wai girman cikinta tera biyu ne, mai ɗaukar bukukuwa barkatai, da arahar da ya kamata ta sa ni tunani. Ɗaya na saya, aka aiko mini ta tasha. Malamin ya jujjuya ta, ya ce in bar masa kwana biyu ya gwada. Na ce ina da aiki a gabana.

Aikin na wata ma'aikaciyar jinya ne a Gwandu. Mahaifiyarta tana Dodoru, tsohuwa ce da ta haddace waƙoƙin daka da na niƙa tun na kakanninta, yanzu kuma inji ya karɓe daka, babu mai koya. Ɗiyar tana son a ɗauke su don jikoki. Asabar uku na yi ina zuwa, daga Gwandu mu hau babur tare. Ranar farko tsohuwar ta ƙi yin waƙa a zaune, ta ce waƙar daka ba ta fitowa sai da turmi. Aka kawo gero da taɓarya, ta miƙe tana daka tana rerawa, in numfashi ya gaza ta tsaya ta gaya mana wadda aka yi wa habaici a baitin, da abin da ta yi, tana dariya har da hawaye. A Asabar ta ƙarshe ta rera wata da mahaifiyarta ta yi shekarar da ruwa ya tafi da shinkafarsu a fadama. Ɗiyar ta ce ita kanta ba ta taɓa jin ta ba.

Kullum na dawo sai in juye katin kamara a laftof, laftof ta cika, in kwashe zuwa ma'ajiyar. Ina ganin sunayen bidiyoyin a jere, kowanne da girmansa, sai in goge na laftof da na katin, washegari in ɗauki wani biki a kansa. Ban taɓa buɗe ko ɗaya na kalla ba. Ranar da na zauna tacewa, babu bidiyon tsohuwar ko ɗaya da ya buɗe. Malamin lissafi ya yi yini guda a kan ma'ajiyar, daga baya ya ɓalle murfin a gabana. Wani ɗan katin memori ne irin na waya aka manne a ciki, aka yi masa dabarar nuna tera biyu. Abin da na fara zubawa, wani bikin suna, shi kaɗai ya zauna. Duk abin da ya biyo baya sunan bidiyon ne kawai a rubuce, babu komai a bayansa. Ya gwada katin kamarar, bukukuwa sun riga sun hau kai. Bai ce ai ya gaya mini ba. Lambar mai sayarwar kuwa a kashe.

Wannan ba shi ne babban laifina ba. Tsohuwar tana nan lafiya lau a lokacin, da na faɗi gaskiya ranar da na sani, da an sake kawo turmi. Kunya ta hana ni. Ɗiyar ta kira sau biyu, na ce ana kan aiki. Mako biyu ina kai ma'ajiyar wurin masu gyara ina jiran abin da na san ba zai zo ba. A cikin mako na uku ta kira ta ce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama mahaifiyarta, harshe ya tafi, tana son ko kaɗan daga cikin aikin ta kunna mata.

Na je Gwandu, inda ta dawo da mahaifiyar, na gaya mata a ƙofar ɗakin da tsohuwar take kwance. Ba ta ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ta yi mini, wace rana na sani. Na faɗa mata. Ta ƙirga da yatsu, ta ce a cikin kwanakin nan sau biyu tana zuwa Dodoru, Inna tana tambayar yaushe za ta ga kanta a talabijin. Daga nan ta ce in shiga in gaishe ta. Tsohuwar ta gane ni, ta kalli jakata, ta motsa baki, abin da ya fito ba magana ba ce. Na durƙusa na yi mata sannu na fito.

Tana raye har yau, maganar ba ta dawo ba. Ni da ɗiyar mun zauna mun rubuta abin da muka iya tunawa, bai cika shafi biyu ba, ta shinkafar nan kuwa amshinta kawai muka riƙe. Muna gaisawa in mun haɗu, iyakarta ke nan.

Ina kira ga duk mai shirin shiga wannan sana'a, ya sayi kwamfuta don aikin da za ta yi. Ma'ajiya ta zama biyu, a cika ta a gwada kafin a ba ta amanar kowa, kada kuma a goge kati sai an buɗe abin da aka juye an kalla da ido. In kuma ɓarna ta auku, a faɗa a ranar. Kaya sun cuce ni, gaskiya ne, amma mako biyun nan babu wanda ya sayar mini da su, ni na yi shiru.