Mai Nonon da Ke Shiga Makewayinmu

Shekarun da muka zauna gidan haya a Kankia, akwai wata Bafillatana mai kawo nono unguwarmu daga wata ruga ta wajen Kusada. Inna nake ce mata, ita kuma ta ce mini ɗiyata. Nononta, kai! Ludayi sai ya kusa tsayawa a ciki. Har yau ban sake shan irinsa ba, kuma ina kewarsa kamar yadda nake kewarta.

Ta yi wata da watanni ba ta zo ba. Ranar da ta dawo duk ta rame, ta sauke ƙwarya a tsakar gidana, ta ja ni gefe ta ɗaga riga. An yi mata aiki a hanji, likitoci sun fito da bakinsa ta gefen ciki, sun manna wata jaka a wurin, nan bayan gida ke taruwa.

"Ɗiyata, hanya da nisa," ta ce. "Kafin in iso gari jakar ta kusa rabi, kuma ba a bari ta cika. Ki ara mini makewayinki."

Yo ni mai rawar kai, washegari na hau gyara. Masai ne na tsugunno, ita kuwa tsugunno na matse mata jakar, sai na ajiye 'yar kujerar katako a bakin ramin, ta zauna ta sako wutsiyar jakar, inda ake buɗewa a zubar, ƙasa-ƙasa don kada ya fantsama. Na buga ƙusa a bango inda za ta rataya zane. Ita ta koya mini sauran: a fara jiƙa bakin masai da ruwa don kada kome ya manne, a ɗauraye wutsiyar da buta, a goge, a naɗe, a barbaɗa toka a rami saboda wari. Kullum da wata jakar a ƙulle cikin leda a gefen zanenta, ko da ta jikinta za ta ɓalle. In ta fito ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta sake wankewa, kafin ta taɓa faifan ƙwarya. Ruwa dai yana tafiya, don bokiti guda nake jawo mata a rijiya.

To, bokitin nan ne ya jawo magana. Matan unguwa suna gani ta shigo gidana da ƙwarya, na ɗebi ruwa, ta daɗe, sannan ta fito talla. Wata Hajiya maƙwabciyata, mai baki kamar reza, ta yanke hukunci: a gidana ake tsinka nono da ruwa. Kafin mako ya zagayo kowa ya ɗauka.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Inna, wallahi yau sai na faɗa musu gaskiya. Matar da ko ɗigo ba ta taɓa ƙarawa ba!"

Ta riƙe mini hannu gam. "Kul! Mai zuba ruwa ana zaginta, a taya da arha, amma a saya. In suka ji abin da ke jikina, ko kyauta ba mai sha. Da me zan ciyar da jikokina?"

Na san matan unguwarmu, na san ba ƙarya ta yi ba.

Muka fita ƙofar gida tare. Hajiya na tsaye da kwanonta, ta leƙa ƙwaryar nan mai kauri, ta taɓe baki.

"Yau ma an tsinka ko?"

Inna ta yi dariya, ta cika mata ludayi har yana zuba.

"Kaɗan dai, Hajiya," ta ce. "Ki yafe ni."