Kiryar Kaka a Bayan Motar Baba

Ƙwas-ƙwas ɗin bakin kaji a jikin ƙarfe, da shi abin ya fara. Wata safiya ce cikin bazarar 1985, a gidanmu na Sabon Birni, ina 'yar shekara tara. Na fito da tsintsiya za ni share ƙofar zaure kafin in tafi makaranta, sai na ji ƙarar daga ƙarƙashin motar Baba, wadda ya iso da ita daga Isa da asuba ya wuce masallaci. 'Yan kajin da suka rage mana sun daɗe ba su ga abin tsattsaga ba, don haka na duƙa na leƙa. Gero ne ke sauka tsilli-tsilli daga wata ɓula a ƙasan bodi, su kuwa suna tsalle suna caccakar bakin ɓular. Da na ɗaga kai sai na ga siririn layin gero ya fita daga ƙarƙashin motar, ya bi lungu, ya miƙe hanyar Isa har inda idona ya tsaya. Ƙarfe ya ruɓe, tsininsa ya farke buhu, kuma buhun ba namu ba ne, na wani ɗan kasuwa ne da ya ba Baba dako.

Wanda bai ga shekarar nan ba, da wuya ya gane abin da layin geron nan yake nufi. Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke gero na cikin bununi, aka yi roƙon ruwa har aka gaji. Rumbunanmu sun zama wurin ɓuyar yara. Inna takan jiƙa 'ya'yan anza na daji ta yi ta sauya musu ruwa har ɗacin ya ragu, mu ci da ɗan gishiri, ranar da aka samu garin rogo kuwa kamar Salla. A makaranta an daina gaɗa lokacin tara, sai mu zauna gindin bango muna carafke ba mai dariya, kullum kuma benci na ƙara faɗi, don gidaje na ta kwashe kaya suna yin kudu. Ni da Kaka, mahaifiyar Baba, muka ɗauki faifai muka bi layin geron muna kwasa da yashi. Ba mu yi nisa ba muka tarar da yaran wasu gidaje sun riga mu. Kaka ta ce in ƙyale su, rabonsu ne ya tsaga buhun.

Motar tsohuwar Fijo ce, akori-kura, ta girme ni nesa ba kusa ba. Da ita Baba ke ɗaukar kayan 'yan kasuwa zuwa Bafarawa da Isa, ya tsallaka Nijar ya ɗauko kanwa da gishirin manda. Kanwar nan ce ta cinye ƙasan bodin a hankali, ana rufa asiri da tabarma, har ranar da asirin ya tonu. Kafin azahar labari ya zaga kasuwa. Masu kaya suka ce ba mai sake ɗora buhu kan motar sai an yi mata sabon ƙasa, a shekarar da ko tsaba ɗaya ido ne a kanta. Na ji Baba na faɗa wa Inna, muryarsa ƙasa-ƙasa, cewa in motar ta zauna to mu ma sai mu bi sahun masu yin kudu. Kaka kuwa ƙafafunta ba za su kai ta ko Turba ba.

Aka kira Nomau maƙeri, aka shiga shawarar abin da za a shimfiɗa. Ni ke kai musu ruwa, don haka kusan duk na ji. Sabon farantin ƙarfe sai an je Sakkwato, kuma Nomau ya ce ko an samo, kanwa za ta maimaita aikinta. Aka kawo maganar a fasa duro a buɗe shi, ya ce wannan ba ya ɗaukar nauyi, tun kafin a bar gari zai lotsa kamar tasa. Azarar giginya akwai ta a kangayen da mutane suka bari, amma duk jikinta allurai ne, buhu ba ya kwana lafiya a kanta. Farin katakon kudu yana tsagewa in ya sha rana, gawo kuma lallausa ne, abincin gara. Nomau ya ce icce ɗaya ya sani wanda ba ruwansa da kanwa, ba ruwansa da gara, shi ne kirya, sai dai su maƙera sun gama ƙone ta gawayi tun kafin fari. Baba ya yi kwanaki yana yawo a kan keken aro, Turba, Tozai, duk inda aka ce an ga kututture. Kullum ya dawo hannu rabbana, leɓɓansa sun bushe.

Ni kuwa na san inda kirya take, amma ko a zuciya ban yarda na ambata ba. A bayan ɗakin Kaka akwai tarin itace a kan duwatsu, an rufe da tsohon zana. Kakanmu ne ya sare su a dajin Turba tun da sauran ƙarfinsa, ya faskare, ya raba gida biyu. Kashi ɗaya an rufe kabarinsa da shi. Sauran na Kaka ne. Tun ina ƙarama na taɓa jawo guda za ni yi wa ɗiyata ta kara ɗaki, Kaka ta karɓe, ba ta doke ni ba, ta zaunar da ni ta faɗa mini yadda ake yi: a kwantar da mutum kan hannun dama yana fuskantar gabas, a jera itacen a samansa ɗaya bayan ɗaya, a liƙe da laka. "Rufin ɗakina na gobe ne," in ji ta. Daga ranar ko kaza ta shiga bayan ɗakin nan sai dai in jefe ta daga nesa.

Kaka ba ta kiran sunan Baba, don ɗan farinta ne, sai ta ce Mai-mota. Wata la'asar ya dawo daga yawon nan ya durƙusa gaishe ta, sai ta ce, "Mai-mota, tai bayan ɗakina ka kwashe iccen nan." Baba ya sunkuyar da kai. Ya ce mata tsohonsa ne ya sare da hannunsa dominta, kuma a shekarar da ake kai gawa kusan kullum, in ta Allah ta kasance me zai ce wa mutane. Kaka ta yi 'yar dariya. "In na mutu gobe ku farfasa tukwane ku ruhe ni. Aikin mi suka yi cikin gidan ga, in ba zama ba? Mamaci bai jin yunwa, ɗiyan ga na ji." Inna ta shige ɗaki da sauri. Ni dai a hankalina na yarinya itacen nan ya san aikin da aka sare shi dominsa, kuma ba zai yarda a ba shi wani ba sai ya samu wanda zai rufe.

Washegari da hantsi Nomau ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfen da kurfi da guduma, bayan motar ya zama dogon rami. Ya sassaƙe itacen da gizago, ya sa ƙarfe a wuta yana huda su, hayaƙi mai ƙamshi na tashi. Da ya aza guda ya ga ya zauna daram a kan ƙarafan gefe, sai ya ce kamar an gwada, faɗin ramin nan da faɗin kabari ashe ɗaya ne. Sannan Baba ya tuɓe riga ya shiga ƙarƙashi don ya riƙa ɗaure noti. Ina tsaye da kwanon ruwa, ina hango shi ta cikin ramin. Ya kwanta kan hannunsa na dama don ya samu wurin juya sifana, fuskarsa na kallon bangon gabas. Nomau ya yi bisimilla ya aza na farko daga wajen ƙafafunsa. Ya aza na biyu. Na ga gwiwoyin Baba sun ɓace, sannan cikinsa, sannan ƙirjinsa, hasken rana na ta janyewa daga jikinsa. Na buɗe baki in karanta ƙulhuwallahu, ko harafi ɗaya ban tuna ba. Da ya rage fuskarsa kaɗai, na saki kwanon, na faɗi ƙasa na kama ƙafarsa da hannu biyu ina ja.

Ya fito yana tambayata ko kunama ce. Ni dai ban saki ƙafarsa ba. Kaka ce kaɗai ta gane. Ta jawo ni jikinta, ta ce wa Nomau ya ci gaba da aikinsa, ta kama hannuna ta ɗora a kan kiryar, da ɗumin wuta a jikinta. "Kulu, icce bai kashe kowa. Mai kira daban ya ke." Na san gaskiya ta faɗa, an koya mana haka a makarantar allo, amma sani daban, kwanciyar zuciya daban. Ranar da Baba ya ɗauki kayan farko ya nufi iyaka, na kasa zama wuri ɗaya. In na ji kukan mota in leƙa waje, in Kaka ta yi tari in dubi tukwanen Inna. Na yi ta zirga-zirga tsakanin ƙofar gida da ƙofar ɗakinta, ban san wanda zan tsare ba a cikin su biyun. Baba ya ce zai kwana ɗaya, ya ƙara wani a kai. Sai da yamma ta biyu na ji kukan Fijo daga bakin lungu, kaya har sama an ɗaure da igiya. Kafin in gaishe shi na duƙa na leƙa ƙarƙashi. Kajin ma sun zo, suka zazzaga, suka koma.

Ba mu yi kudu ba. Kiryar nan ta ɗauki geron da ya kai mu ga damina, ta ɗauki na shekaru da yawa bayan nan, Kaka kuma ta rayu har ta ga na gama sakandare. Lokacin da ta cika, injin motar ya riga ta mutuwa, motar na jibge gefen zaure kan duwatsu. Tun kafin a gama wanka Baba ya ɗauki sifana ya sake shiga ƙarƙashi, ya kwance itacen ɗaya bayan ɗaya, ya wanke musu kanwa da hannunsa. Buhuna sun goge su har suna sheƙi, amma ko guda bai ruɓe ba. Da suka dawo ya ce mana sai da suka toshe hujin noti da laka a makabarta.

Yau hanyar Isa da Baba ke bi shi kaɗai da tsohuwar mota, ba a bin ta sai da addu'a mai yawa, kirya kuwa yaranmu sai dai su ji sunanta. Motoci sun yi kyau, bayansu ƙarfe ne mai fenti, amma ban san gida nawa ne ke da abin da za a ciro daga bayan ɗaki in rana ta ɓaci ba. Allah ya jiƙan Kaka, ya yalwata mata ɗakinta. Kwanan baya ina tsince shinkafa na ba jikata Hassi wannan labari. Ta yi ta juya bakin faifai, har na ɗauka na tsorata ta, sannan ta ɗago kai.

"Kaka, in za ki aje naki, ki aje dogaye. Motocin yanzu sun fi faɗi."