Shanun Kawu na cikin waya

Kawuna mahauci ne a kasuwar Treichville, kuma duk gidan hayarmu na Williamsville an san hannunsa. Mahaifiyata, ƙanwarsa ciki ɗaya, ƙashi yake aiko mata, wai a nan daɗin miya yake. Tsoka kuwa sai dai mu gan ta a teburinsa, mu gaisa.

Wannan mutumin ne ya zama gwarzon kyauta a gurup ɗinmu.

Wasan gona muke yi a waya: ka yi kiwo, ka tatsi nono, ka aika wa abokai kaji ko shanu. Ni na buɗe mana gurup na 'yan Adjamé da Treichville, inda mai rara yake raba wa marasa shi, ni ce kuma mai lura da wanda ya ba da me. Da Kawu ya gane saniyar waya ba ta cin dusa, ba ta taɓa aljihu, sai hannunsa ya buɗe. Sa ga wannan, karsana ga wancan. Ana ta turo masa "Mersi tonton, Allah ya ƙara buɗi." Yana bayan teburi yana murmushi, masu sayen nama suna tsaye suna kora masa ƙuda.

Duk ƙarshen wata muna karrama wanda ya fi kyauta: mu kira shi Sarkin Alheri, mu liƙa hoton rawani a gefen sunansa. Kawu ya ƙwallafa rai a kan rawanin nan. Ya same ni ina wanki a tsakar gida.

"Uwata, wa ya fi ni a watan nan?"

"Wani mai atamfa na Bromakoté yana bin ka a baya."

"Wancan? Kaji yake rabawa! Kaji!"

Kawu ya ci. Na liƙa masa rawaninsa, sannan na rubuta a gurup abin da kowa ya sani: ba a naɗa sarki jama'a su watse da yunwa. Wankan sarauta ranar Lahadi, a teburin mai martaba.

Suka zo kuwa, tasin woro-woro ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba su san yadda ake buɗe wasan ba. Kawu ya ja ni gefe.

"Ke! Mene ne haka?"

"Talakawanka ne, ranka ya daɗe."

"To in tura musu shanu a waya mana."

"Waya ba ta da romo, Kawu."

Ya waiga neman hanyar fita, sai ga abokansa mahauta sun kewaye shi suna buga wuƙaƙe, suna yi masa kirari. Ba halin gudu. Ya sauko da cinya guda daga ƙugiya, yana yanka kamar daga jikinsa ake cira. Mai tsire ya gasa, muka ci da acheke, dambun rogon nan. Na ƙunsa wa mahaifiyata tsoka zalla. Ta juya ta, ta sake juyawa, ta ce, "Wa ya mutu?"

Washegari Kawu ya kwashe shanun gonarsa kakaf ya tura wa mai atamfa. "Ka raba wa mutane, ɗan'uwa," ya rubuta, "kai ka fi ni cancanta." Ya dawo gida yana fito, ya rabu da masifa.

Na bar shi ya yi fitonsa har ƙarshen wata. Garke guda a lokaci ɗaya, gurup ɗinmu bai taɓa ganin kyauta irin wannan ba. Na sake liƙa masa rawani, na rubuta: "Lahadi, wuri ɗaya. Kowa ya zo da yajinsa."