Kaffarar da Ɗiyata Ta Ɗora wa Kanta

Na ga abubuwa da yawa a duniya, yawancinsu kuma da gangan na manta da su. Amma ranar da aka ɗauko ɗiyata a sume daga makaranta, wannan kam har kabari za ni da ita.

Mu mutanen wani ƙauye ne kusa da Burkusuma. Da 'yan bindiga suka tashe mu, Nijar muka tsallaka, muka yi damina biyu a can, sannan muka dawo muka zauna a Sabon Birni. Dako nake yi a kasuwa. Ban taɓa shiga aji ba. Yarinyar ita ce ɗiyata ta fari, shi ya sa ko sunanta ba na kira. Ta fara firamare tun muna ƙauye, da muka dawo na sake sa ta. Lokacin shekarunta goma sha uku.

A shekarar nan gardama ta tashi a unguwarmu. Kowace safiya yara kan yi layi a filin makaranta, su ɗora hannu a ƙirji, su karanta alkawarin ƙasa da Turanci. Wani ya fassara wa limaminmu abin da suke faɗa: za su riƙe ƙasa da gaskiya, za su kare ta, daga ƙarshe su ambaci Allah. Liman ya ce bai yarda ba. Sunan Allah ba ƙararrawa ba ce da za a riƙa kaɗawa kullum safe. Ya ce wannan rantsuwa ce, wanda ya rantse ya saɓa kuwa kaffara ta hau kansa, ya ciyar da miskinai goma, in ba hali ya yi azumin kwana uku. Ko a cire sunan Allah, ko a daina abin gaba ɗaya. Hedimasta ya ce shi ba shi ya rubuta ba, daga sama aka aiko, ko harafi ɗaya ba zai taɓa ba. Ya ƙara da cewa mai son a cire sunan Allah daga bakin yara da sassafe, shi ya kamata a bincika.

Unguwa ta rabu biyu. A teburin mai shayi ana yi, a bakin famfo mata na yi. Wasu har suka cire 'ya'yansu daga boko. Ni ban sa baki ba. Buhun da ke kaina ya ishe ni. Na manta yarinyar da safe ta hedimasta ce, da yamma kuma tana makarantar allo ta liman, duk abin da kowannensu ya faɗa a kunnenta yake.

Bazara ce, zafi kamar a gasa mutum. Uwarta ta ce mini yarinya na ramewa. Ɗumamen safe sai ta ƙulle a leda, wai a makaranta za ta ci. Da rana ta ce ta ƙoshi. Sai an yi magariba ta faɗa wa tuwo kamar za a ƙwace. Na ce girma ne, a bar ta. Wannan wautar tawa har yau tana ci mini rai.

Ina sauke buhunan gero aka zo aka kira ni. Na tarar da ita kwance a kan benci a shagon mai kemis, an sa mata ruwa a hannu, leɓunanta duk sun tsage. Da ta farfaɗo ta ga robar ruwan, sai ta fashe da kuka.

"Baba, kun ɓata mani azumi. Yau za ni cika uku."

"Azumin mi?"

"Kaffara. Shekara uku ina rantsuwa za ni kare ƙasa. Da aka yi harbi na gudu Nijar."

Ashe ta zauna ta yi wa kanta hukunci. Kowace safiya da ta taɓa karanta alkawarin nan a ƙauye, kwana uku ne a kanta. Wata guda ke nan tana yi, ba sahur, don kada a gane. A makaranta kuma ta daina buɗe baki in ana karantawa, ana yi mata bulala a kan haka. Nan duka, can yunwa, ba ta gaya wa kowa ba.

Uwarta ta ce a cire ta daga bokon kowa ya huta. Yarinyar ta ce gara ta ci gaba da azumin da ta bar makaranta. Na ce mata gudun mutuwa ba zunubi ba ne. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, kai ba malami ne ba." Gaskiya ta faɗa. Washegari ta sake ɗaukar wani azumin.

Ranar Asabar aka kira taron iyaye a gindin dogon yaro na makaranta. Na sa uwarta ta dama fura. Na ɗauki ƙwaryar, na sa yarinyar a gaba. Liman ya yi nasa, hedimasta ya yi nasa, kowa da masu yi masa kabbara. Har rana ta take ba wanda ya matsa ko taku ɗaya. Sai na miƙe. Ban taɓa magana a taro ba kafin ranar, ban kuma sake ba.

Na dubi liman na ce, "Allah gafarta Malam, tambaya gare ni. Sa'ad da mutanen daji suka kama ni, sun ɗora mani Alƙur'ani, bindiga na bisa kaina, na rantse in an kwance ni ba ni gudu. Suka kwance ni. Na gudu. Kaffara ta hau ni?"

Ya ce a'a, wanda aka tilasta ba komai a kansa.

"To wagga yarinya da ta gudu da ƙanenta a goye, harsashi na bin ta, ita fa?"

Ya dube ta, ya ga yadda ta koma. Na gaya masa abin da ta yi wata guda. Dattijon nan sai da ya cire tabarau ya share ido. Ya ce shi da manya yake, bai taɓa nufin yara ba. Ya ce wanda ya guje wa kisa bai saɓa wa Allah ba, bai kuma ci amanar ƙasa ba.

Na ce, "Ba ni za ka gaya wa ba. Ni ta ce ba malami ne ba. Gaya mata."

Ya karɓi ƙwaryar daga hannuna, ya durƙusa a gabanta da tsufansa. Ya ce, "Jikata, ba ko yini ɗaya a kanki. In da laifi, nawa ne. Yi bisimilla ki sha." Ta dube ni. Na ɗaga mata kai. Ta kafa baki, sai da ta ga gindin ƙwarya.

Sannan na juya wurin hedimasta. Na ce masa shi ma ba wankakke ba ne. Yarinya ta yi wata guda baki a rufe, ba wanda ya tambaye ta dalili, sai bulala. Ana sa yara faɗin magana mai nauyi da harshen da ba su ji, wani can ya fassara musu yadda ya ga dama. Bai yi musu ba. Ya ce daga ranar Litinin shi da kansa zai riƙa yi musu bayani da Hausa, kuma an daina dukan yaro a kan wannan.

Gardamar ba ta mutu ba. Liman har ya koma ga Allah yana kan ra'ayinsa, alkawarin kuma har gobe da sunan Allah ake rufe shi. Ni ban san wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba, wannan aikin masu karatu ne. Abin da na sani, yarinyar ta gama makarantarta lafiya, yanzu ita ke koya wa wasu.

Ni ɗan dako ne, na san kaya. Babba kan ɗaga magana ya jefar, ya tafi ya ci tuwonsa. Yaron da ke gefe shi ke ɗauka ya aza a ka, ba gammo, ba kuma zai ce ta yi masa nauyi ba. Tun daga ranar, in na ji manya sun fara gardama, ba bakinsu nake kallo ba. Yaron da ya yi shiru nake nema.